Me ya haɗa injiniya da sojojin jiki? Amsa ga wani ɗalibi daga Jos

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibin injiniya ne a nan Jos, ɓangaren kanikanci, aji uku. Ƙanwata tana karanta fannin gwaje-gwajen asibiti, rannan muna hira take ce min wai yanzu injiniyoyi ne ke ƙera na'urorin da ake duba ƙwayar halitta guda ɗaya tak da su, har a ga yadda sojojin jiki ke aika wa juna saƙo. Ni dai abun bai shige ni ba. In an ɗebi jini an auna ba shikenan ba? Meye amfanin bin su ɗaya bayan ɗaya alhali miliyoyi ne, kuma irina mai karatun fanfo da injin me zai tsinana a wajen?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ya sanyi? Mu nan Abuja rana ke gasa mu ku kuna can kuna rawar ɗari. Ƙanwarka ta fi ka gaskiya wannan karon, sai ka yi haƙuri. Amma tun kafin mu yi nisa, in na ce ƙwaya a rubutun nan ina nufin ƙwayar halitta, wadda a lab muke cewa sel, ba irin wadda jami'an NDLEA ke kamawa ba.

Bari in fara da abun da ka fi ni sani. Ɗauki layinku mai gida goma, ka je wajen taransifoma ka auna, ka ga wutar da layin ke ja rabin wadda ya saba ja ce. Me ke faruwa? Zai iya yiwuwa duk gidaje goman suna da wuta amma mara ƙarfi, ƙwan fitila ya yi jajir fanka na juyi kamar mai jin barci. Zai kuma iya yiwuwa gida biyar wutarsu garau, biyar kuma duhu ɗunɗum. Mitar taransifoma ba za ta taɓa raba maka gardamar nan ba, sai ka taka gida gida ka leƙa. Kuma gyaran ba ɗaya ba ne, ka sani. Toh haka awon jini na gama-gari yake. A ɗebi ƙwayoyi miliyan guda a farfasa su a auna wani sinadari a ce ya ƙaru da rabi, shin duka ne suka ɗan motsa, ko kuwa 'yan kaɗan ne suka tashi haiƙan sauran suna kwance? Shekara da shekaru masana suna ɗauka na farkon ne, don kawai babu kayan leƙawa.

Kuma a garkuwar jiki wannan tambaya ba ta wasa ba ce. A ɗigon jini na maikirolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, akwai fararen ƙwayoyi wajen 4,000 zuwa 11,000 a lafiyayyen babba, kuma ba jinsi ɗaya ba ne, akwai masu haɗiye ƙwayar cuta, akwai masu kashe ƙwayar da bairos ya shiga, akwai masu riƙe tarihin cutar da aka taɓa yi. Wadda ta gane takamaiman cutar da ta shigo yau tana iya zama ɗaya cikin dubun dubata. In ka haɗa ka auna ta nutse.

Injiniya kuwa ya daɗe a harkar, ba yau ya shigo ba. Injin ƙirga ƙwayoyin jinin da ƙanwarka za ta yi aiki da shi, asalinsa dabarar Wallace Coulter ce, injiniyan lantarki a Amurka, ya samu haƙƙin mallakarta a 1953. Ƙwaya ta bi ta wani ɗan mitsitsin rami mai ɗauke da lantarki, wucewarta ta canza ƙarfin wutar na ɗan lokaci, injin ya ƙirga ɗaya. A 1965 Mack Fulwyler ya haɗa wannan da dabarar fesa tawada ɗigo ɗigo ya ƙera injin da ke ware ƙwayoyi, daga baya Leonard Herzenberg a jami'ar Stanford ya ƙara masa rini mai ƙyalli. Jikan wannan injin shi ne ake ƙirga CD4, wani jinsin fararen ƙwayoyi, da shi a asibitocinmu, wanda masu ɗauke da HIV suka san zancensa sarai, lafiyayye yana da wajen 500 zuwa 1,500 a maikirolita ɗaya na jini, in ya faɗo ƙasa da 200 an shiga haɗari. Ruwa ne ke matse ƙwayoyin su jeru a layi ɗaya kamar masu shiga ƙofar banki, hasken leza ya haska kowacce, dubbai a daƙiƙa guda. Kaga tun tuni ana duba ƙwaya ɗaya ɗaya a Jos ɗin nan, sunan ne dai ba a kira.

Sai dai injin nan hoto yake ɗauka, ƙyas ɗaya ƙwaya ta wuce ba za ka sake ganinta ba. Ni kuma abun da na fi so ka riƙe shi ne, maganar da ƙwayoyin garkuwa ke yi da juna ba a yawan sinadari kawai take ba, a lokaci take, yaushe aka fara, tsawon wane lokaci, sau nawa aka maimaita. Kamar kalangu ne, fatar ɗaya ce amma yadda aka jera bugun shi ke fitar da magana. Hoto ɗaya ba ya kama kiɗa.

Ga misalin da aka fi yi wa aiki. Akwai wani furotin da ake kira NF-κB, Ranjan Sen da David Baltimore suka gano shi a 1986. Shi ne kamar mai kunna makunnin faɗa a cikin ƙwaya. In lafiya lau ake yana zaune a waje da ɗakin tsakiya inda DNA yake, wani furotin mai suna IκB ya riƙe shi gam kamar dogari. Da saƙon haɗari ya iso, misali sinadarin TNF da wata ƙwaya ta saki, ko LPS wanda ɓawon jikin wasu bakteriya ne, sai a lalata dogarin, NF-κB ya faɗa ɗakin tsakiya ya kunna ɗaruruwan umarni na kumburi da faɗa. Abun dariyar shi ne cikin umarnin da yake kunnawa har da na ƙera sabon dogari. Sabon dogarin ya fito, ya shiga ya jawo shi waje. In saƙon haɗarin na nan har yanzu, a sake lalata dogarin, ya sake shiga. Haka zai yi ta shiga da fita.

Kai da ka yi darasin sarrafa injin ai ka riga ka gane wannan. Tsari ne mai taka wa kansa birki amma birkin na makara. Ka tuna janareton da gwamnansa, wato abun da ke daidaita masa mai, ya samu matsala, ka ji yana wuu ya sauka wuu ya sauka, don gyaran man da yake yi yana zuwa a makare. Lissafin ɗaya ne, wallahi irin lissafin da kake yi a aji ne. A 2002 Alexander Hoffmann da abokan aikinsa suka rubuta tsarin da lissafi, a 2004 kuma ƙungiyar Michael White a Liverpool ta Ingila suka liƙa wa NF-κB furotin mai ƙyalli suka zauna suna kallon ƙwayoyi masu rai a madubi mai ƙara girman abu, suka ga shiga da fitan da idonsu, kusan duk minti 100. Kuma kowace ƙwaya da nata agogon, wannan tana shiga waccan tana fita, shi ya sa in ka haɗa su ka auna lilon yake dusashewa kamar babu.

Toh a nan ne mai fanfo ya shigo. Don ka fahimci injin dole ka iya sarrafa abun da kake ba shi, ka ba shi kaɗan, ka ba shi da yawa, ka ba shi ka ɗauke ka sake ba shi, kana rubuta amsarsa. Da hannu da ɗan bututun ɗiga ruwa ba za ka iya wannan a kan ƙwaya ba, ka zuba sinadari a faranti ya zauna kenan. Sai aka koma ga abun da ake kira maikirofuluwidik, wato aikin fanfo da fayif amma a ƙanƙance, hanyoyin ruwa masu faɗin gashin kai, wajen maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, alhali ita farar ƙwayar jini wajen maikiron 10 ce. Ana zuba su ne da wata roba mai garai-garai da ake kira PDMS, dangin silikon ɗin da masu gilas ke liƙe taga da shi, George Whitesides na Harvard ne ya yaɗa amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Haske na ratsa ta, iska ma na ratsa ta don haka ƙwayoyi na numfashi a ciki.

A shekarar 2000 ɗakin binciken Stephen Quake ya fito da bawul ɗin da ya canza harkar, kuma in ka ga sauƙinsa sai ka ji haushin ba kai ka ƙirƙiro ba. Hanya biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa sun gitta juna, tsakaninsu 'yar siririyar fatar roba. Ka hura iska a ɗaya, fatar ta lotsa ta toshe ɗayar, kamar ka taka tiyo da ƙafa. Ka jera uku kana matsa su bi da bi, ka samu fanfo. A ɗan guntun roba da bai kai tafin hannu ba ana iya jera ɗaruruwansu, kwamfuta na buɗewa tana rufewa.

Wani abu kuma da zai ba ka sha'awa, ruwa a wannan ƙanƙantar ba ya hali irin na fayif ɗin gida. Lambar Reynolds da kuke lissafawa, wadda sai ta haura 2,000 ruwa ke fara hargitsewa, a nan sau da yawa ko 1 ba ta kai ba. Ruwa biyu za su shigo hanya ɗaya su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba, ka ga layin da ya raba su ƙarara, kamar hoton nan na Lokoja inda Kwara da Binuwai suka haɗu kowanne da launinsa. Wannan alheri ne don kana iya lissafa daidai abun da ya isa kan kowace ƙwaya, kuma masifa ce ranar da kake so su gauraya.

Da irin wannan na'ura Savaş Tay da abokansa a Stanford suka yi aikin da ya fito a mujallar Nature a 2010. Sun ba ƙwayoyin ɓera TNF daga mai yawa har zuwa wanda aka tsarma ninki dubbai, suna ɗaukar hoton kowace ƙwaya duk bayan 'yan mintuna. Amsar ta fito irin ta gida biyar da wuta biyar a duhu. Da aka rage sinadarin, yawan ƙwayoyin da suka amsa ne ya ragu, amma wadda ta amsa ɗin ta amsa da ƙarfinta, sai dai ta ɗan makara kuma ba ta maimaita lilon da yawa. Wato ƙwaya ɗaya eh ko a'a take cewa, jama'ar ce ke nuna ƙarfin haɗarin ta yawan waɗanda suka ce eh. Shekara guda bayan nan, 2011, ƙungiyar Andre Levchenko a Johns Hopkins suka ɗauko lissafin injiniyoyin sadarwa suka auna bayanin da ƙwaya ɗaya ke iya samu ta wannan hanya a awo ɗaya, suka samu wajen bit 1, wato da ƙyar ta wuce bambance akwai da babu. In faɗa maka gaskiya dai ƙwayoyin da aka yi waɗannan gwaje-gwajen da su ba ainihin sojojin jiki ba ne, ƙwayoyin nama ne da aka saba renonsu a lab don sun fi sauƙin sha'ani, kuma wannan suka ce da aka daɗe ana yi wa fannin. Daga baya ɗakin Hoffmann a Los Angeles suka maimaita da makurofej na gaske, masu haɗiye cuta, a 2021 suka nuna cewa TNF na sa lilo amma LPS na sa NF-κB ya shiga ya daɗe a ciki, kenan daga salon motsin ƙwayar ke gane ko maƙwabciya ce ke kira ko kuwa bakteriya ce da kanta a bakin ƙofa.

Kar ka ɗauka aikin daɗi ne kullum. Na taɓa kwana uku ina shirya gwaji a wani lab da na yi aiki, na wanke hanyoyin, na shuka ƙwayoyi sun kama sun baje abunsu gwanin kyau, na saita madubi ya ɗauki hoto duk minti biyar na tafi gida. Da safe na buɗe hotunan, awa biyun farko lafiya, ɗigo-ɗigon kore suna haske suna dusashewa, sai ga wani baƙin abu mai zagaye ya shigo ta gefen hagu a hankali kamar hadari. Kumfar iska ce, guda ɗaya tak, daga wani tiyo da ban matse da kyau ba. Ta bi ta kan ƙwayoyin ta share su tas. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Ita ma robar tana da nata halin, tana shanye wasu magunguna, ka zuba goma ƙwaya ta samu abun da ya rage.

Ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya fi tashe yanzu, shi ne karanta RNA na kowace ƙwaya, wato a ga waɗanne umarni ta kunna cikin kusan 20,000 da ɗan Adam ke da su. An fara yi a 2009 a Cambridge da 'yan ƙwayoyi da aka tsinto da hannu. A 2015 hanyoyi biyu suka fito daga Harvard, Drop-seq da inDrop, dukansu da dabarar ɗigon ruwa a cikin mai. Ka taɓa ganin ruwa ya ɗiga a man gyaɗa mai sanyi ya dunƙule? Haka na'urar ke yanka ruwa ɗigo ɗigo, kowanne wajen nanolita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na maikirolita, a cikinsa ƙwaya ɗaya da wani ɗan dutsen roba mai ɗauke da lamba ta DNA da babu mai irinta, kamar lambar mota. Ƙwayar ta fashe a ciki, RNA ɗinta ya manne da dutsen ya ɗauki lambar, sai a haɗa duka a karanta lokaci ɗaya, kwamfuta ta raba kowa da kayansa. A takardar Drop-seq ta farko ƙwayoyi 44,808 na idon ɓera suka karanta. Don kar biyu su faɗa ɗigo ɗaya sai an tsarma sosai, don haka yawancin ɗigon fanko ne, asara ce da aka yarda da ita.

Wannan hanya ta tona wani abu da nake so. A 2014 Alex Shalek da Aviv Regev da abokansu suka karanta ƙwayoyin garkuwa na ɓera sama da 1,700 bayan an taɓa su da LPS, suka ga 'yan ƙalilan ne ke riga kowa farkawa su saki intaferon, sinadarin da ke kunna shirin yaƙi da bairos, shi kuma ya tashi sauran. Don su tabbatar sai suka kulle kowace ƙwaya a ɗakinta ita kaɗai a cikin na'ura yadda ba mai jin wani, sai ga mafi yawansu sun kasa kunna wancan shirin yaƙi da bairos yadda ya kamata. Kamar unguwa ce da dare, mutum biyu uku ne ke fara ihun ɓarawo, sauran ihun suka ji ba ɓarawon suka gani ba.

Amma ka lura da cinikin da ke ciki. Madubi na ba ka ƙwaya mai rai awa da awanni amma furotin biyu ko uku kawai kake gani. Karatun RNA na ba ka dubban abubuwa amma sai ka kashe ƙwayar, kuma ba duka RNA ɗin ake kamawa ba, kaso ne kawai, don haka sifili a teburinka ba lallai yana nufin babu ba. A ganina mutane sun cika ruɗuwa da hotunan nan masu ɗigo-ɗigo kala-kala, kowa ya fito ya ce ya gano sabon jinsin ƙwaya, alhali wani lokacin wahalar da ƙwayar ta sha wajen ciro ta daga nama ce ta canza ta.

Ina amfaninsa ga mara lafiya? Maganin toshe TNF ya yi aiki sosai a ciwon sanyin gaɓoɓi mai kumburi, amma da aka gwada shi a kan masu gubar cuta a jini a shekarun 1990 bai ba da abun da aka sa rai ba, kuma yana iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki. Saƙo ɗaya ne, wani wuri kashe shi magani wani wuri ɓarna, kuma sai an san wace ƙwaya ke faɗinsa a wane lokaci kafin a iya rage shi ba tare da an kwance wa jiki makamai ba. Mu kuma muna da namu dalilin na daban. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin Duffy a jan jininsu, abun da ke ba su kariya daga nau'in maleriya na vivax, kuma masu wannan gadon sau da yawa adadin nutrofil ɗinsu, wani jinsin fararen ƙwayoyi, a jini yana fitowa ƙasa da ma'aunin da aka tsara da jinin Turawa, alhali lafiyarsu ƙalau. Tambayi ƙanwarka wannan. Babban aikin taswirar ƙwayoyin jikin ɗan Adam da Regev da Sarah Teichmann suka ƙaddamar a 2016 shi ma yana buƙatar jinin irinmu, masu fama da maleriya tun yarinta, masu zama inda zazzaɓin Lassa ke zagayowa duk rani.

Maganar inda za ka shiga, ba zan yi maka daɗin baki ba, sinadaran karatun RNA da dala ake saye, sai an ajiye su a sanyi tun daga jirgi har firji, madubin da zai kwana yana ɗaukar hoto kuma ba ya son wuta ta ƙifta. Amma wannan ɗin ai matsalar injiniya ce. A 2017 Shalek da Christopher Love a MIT suka fito da Seq-Well, ɗan faifai mai ƙananan ramuka wajen 86,000, ƙwayoyi su faɗa ciki da nauyinsu ba fanfo ba komai, an yi shi ne musamman don wuraren da ba manyan injina, har an yi amfani da shi wajen binciken Ebola a jikin birai. Ga Vom nan kusa da kai da cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924, ga asibitin koyarwa na jami'ar Jos, ga cibiyar binciken bairos ta IHVN a nan Abuja, duk wurare ne da ake aiki da jini da garkuwa kullum.

Abun da za ka iya farawa a wannan hutun da laftof ɗinka, ka koyi Python, ka rubuta lissafin abu biyu, ɗaya na kunna ɗayan, ɗayan na kashe na farkon bayan jinkiri, ka yi ta ƙara jinkirin har ka ga layin ya fara lilo. Daga nan ka kwafi ƙwaya ɗari kowacce da ɗan bambancin jinkiri, ka haɗa su ka raba, ka ga yadda lilon zai ɓace a idonka. In ka gama wannan ka sauke Scanpy, manhajar nazarin bayanan RNA na ƙwaya ɗaya ɗaya, kyauta ce, akwai bayanan ƙwayoyin jini wajen 3,000 da ake koyo da su, ka sa ƙanwarka a gefe ta riƙa gaya maka wace ce wace cikin ƙwayoyin, don kai ɗigo kawai za ka gani. Ka gaishe min da ita da mutanen gida.